Mashin Ɗin da Baba Ya Kasa Ji

Na san wasunku za su zage ni idan sun gama karanta wannan, kuma na yafe tun yanzu, don ni ma yau kwana uku ke nan ina zagin kaina. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Naja'atu, shekarata ashirin da biyar, ina sayar da magani a wani kemis da ke kusa da tashar Gaya. Wanda nake so sunansa Zunnuraini, ɗan Ajingi ne, sana'arsa haɗa wa mutane sola. Dogo ne, siriri, ga ƙamshin turaren wuta a duk rigar da ya saka, don mahaifiyarsa Ya Fanta ba ta barin kayansa su fita ba ta turara su ba. Abu ɗaya nake nema a duniyar nan: Baba ya buɗe baki ya ce su Zunnuraini su turo manya.

To, Baba ne aikin.

Mahaifina Saje Ja'afar shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba da hannu a titunan Kano kafin ya yi ritaya. Ya ajiye kakin, amma bai ajiye usur ɗin ba, yana nan rataye a wuyansa da baƙin zare. Mu a gidanmu da shi aka rene mu. Busa ɗaya doguwa, ma'anarta tsaya inda kake. Busa biyu gajeru, wuce. Har awakin Inna sun san wannan, in ya busa ɗaya sai ka ga akuya ta tsaya da ƙafa a sama. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, ana ta ɗage ranar aikin saboda sukarinsa ya ƙi sauka. Tun daga nan ya koma rayuwa da kunne. Yana zaune a ɗakinsa da ke jikin zaure zai ce maka ga mashin ɗin liman, ga na mai nama, ga na wane fuloginsa ya kusa mutuwa. Kuma ba ya kuskure.

Akwai wani abu kuma da ba ma yawan faɗa a gida. Yayana Muzammil a kan mashin ya rasu, shekara bakwai da suka wuce, a wata kwana da ke hanyar Ajingi. Ba hular kwano a kansa, tana rataye a hannun mashin. Tun ranar Baba bai sake hawa babur ba, kuma duk saurayin da ya zo wurina a kan mashin, ba asalinsa ake fara bincika ba, takardunsa ake fara bincika. Uku sun gudu a kan haka.

Zunnuraini kuwa mashin ɗinsa mai caji ne, fari, ba tanki ba salansa, da solar shagonsa yake cika masa batir. Duk abokansa a Ajingi cewa suke ai wannan keke ne ya yi ƙiba, ba ruwansa da lamba, ba ruwansa da lasisi. Da na gwada faɗa wa Baba haka sai da ya kusa haɗiye usur ɗin.

"Keke? Yana gudun da zai karya ƙafar mutum ko ba ya yi?"

"Yana yi, Baba."

"A kan kwalta yake tafiya ko a sama?"

"A kan kwalta."

"To doka ba ta tambayar abin da mashin yake sha, fetur ne ko wuta ko kunun tsamiya. Ki faɗa wa yaron nan: lasisin tuƙi, lamba a baya, takardar mallaka, inshora, madubi biyu, fitila da sigina masu aiki, hular kwano biyu, tasa da ta wanda zai ɗauka. In ɗaya ya yi ƙasa kada ma ya ɓata cajinsa."

Ku lura da kyau, "yaron nan" ya ce. A gidanmu iyaye ba sa kama sunan saurayin 'yarsu, kunya ce. Baba "yaron nan", Inna "mutumin naki". Ku riƙe wannan, don a nan na mutu.

Wata biyu bawan Allah nan ya yi yana zarya tsakanin Ajingi da Kano. Kullum da safe sai na ga saƙo:

"Yau hoto."

"Yau gwajin ido. Na karanta har layin ƙasa, saboda ke."

"Sun ce in nuna lambar inji. Na ce a tayar baya take. Mutum uku sun durƙusa suna leƙawa."

Ranar da komai ya cika ya zo da la'asar, cikin shadda ruwan toka, takardun a cikin leda mai zif. Ni ina bayan ƙyauren zaure da atamfata mai ganye-ganye da mayafi ruwan zuma. Inna ce ta karanta wa Baba takardun ɗaya bayan ɗaya daga cikin gida, da ƙarfi, har da ranar ƙarewar inshora. Baba ya fita da sandarsa ya shafa lambar da yatsa harafi-harafi. Ya girgiza madubai. Ya sa aka danna hon. Sannan ya ce Zunnuraini ya saka hular kwanon, ya ɗaga sanda ya ƙwala masa a ka, ƙwam!

"Ka ji zafi?"

"A'a, Baba."

"Mai kyau ce. To tayar da shi in ji."

"Ai a tashe yake, Baba."

Baba ya karkata kai ya kasa kunne. Ba abin da ake ji sai dakan maƙwabta.

"Yaro, ni za ka yi wa wasa?"

"Wallahi a kunne yake, Baba. Haka yake, ba ya ƙara."

Zunnuraini ya hau ya zagaya bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu sau biyu, ya dawo ya tsaya a gefensa. Baba bai ma juya ba, yana can yana fuskantar inda ya baro shi. Da Zunnuraini ya yi magana daga ɗaya gefen sai da Baba ya zabura ya ja da baya. Na ga fuskarsa ta canja. Ya koma zaure ya zauna.

"Takardunka sun cika," ya ce daga baya. "A wurin hukuma ka wuce. Amma ni ba ni da idon da zan ga tuƙinka. Da kunne nake sanin mutum. Ina jin inda ya rage gudu, in ji ko ya taka birki a kwanar masallaci, in ji ko mai murɗa totur ne don 'yan mata su kalle shi. Sai na ji zuwan yaro sau goma nake sanin wa zan ba wa 'yata. Kai kuma ka zo min da abin da yake tafiya kamar mage. Me zan ji?"

"To Baba ya za a yi?"

"In na ji zuwanka sau goma, a yi magana. Zuwan da ban ji ba kuwa, ba a yi shi ba."

Ya busa biyu, wato an sallame shi.

Ranar na yi kuka, kuka na gaske, har da majina. Ga kuma Gwaggo Kulu, yayar Baba, wadda shekara uku ke nan tana naci a haɗa ni da ɗanta Yaya Barau, manomin gyaɗa a Kademi. Ba wanda ya tilasta min, amma duk zuwanta sai ta kama kumatuna ta ce, "Ke dai tuwona maina za a yi, a huta." Yaya Barau ba shi da laifi, mutumin kirki ne, sai dai ni tun ina yarinya yake goya ni, kallon yaya nake masa. Mashin ɗinsa kuwa tun daga gadar shigowa gari ake jin sa. Salansar da waya aka ɗaure ta, in zai tsaya sai ya yi tari uku, ya yi harbi ɗaya, tau! sannan ya mutu.

Ranar Juma'a Yaya Barau ya kawo wa Inna saƙon ɗanyar gyaɗa. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na jiyo shi daga nesa, sai shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata. Na goge hannu a zani, na ɗauki waya, na laɓe a bayan katanga na danna rikodin. Na ɗauke shi tsaf: tahowarsa daga nesa, rage gudunsa a kwanar masallaci, tari uku, harbi ɗaya. A daidai ƙarshe jan zakaran Inna ya yi cara, irin carar tasa mai karyewa a tsakiya kamar an shaƙe shi. Na ce ba komai, ai zakara zakara ne.

Na tura wa Zunnuraini.

"Mene ne wannan?"

"Ƙarar mashin. Ka sayi ƙaramar sifika ka ɗaure a ƙasan kujera. In ka iso gada ka kunna."

"Naja, wannan fa yaudara ce."

"Ba yaudara ba ce, taimakon kunne ne. Kai ne za ka zo, kai ne za ka tuƙa. Ƙara kawai muka aro."

"Zuciyata ba ta kwanta ba."

"To ka zauna a Ajingi da zuciyar taka, ni kuma in tafi Kademi cirar gyaɗa."

Bayan minti huɗu ya rubuto: "Wace irin sifika?"

Kun ga dai da kanku, shi ya ƙi, ni na matsa. Ina so a rubuta wannan a ajiye.

Washegari Asabar ƙanin Inna ya zo daga Balan, aka rasa abin da za a yi masa miya da shi, aka kama jan zakaran nan aka yanka. Har da ni a cin cinya. Ko a jikina.

Ranar Lahadi da la'asar aka fara. Ina gaban madubi ina zizara kwalli na jiyo ta daga nesa, ƙarar nan mai kama da injin markaɗe. Tari uku. Tau! Sai cara. Waya ta yi haske: "Ga ni a waje. Kunya kamar in nutse." Na leƙa ɗakin Baba kafin in fita, na ga ya ɗauki ƙwallon dabino ɗaya ya jefa a gwangwanin madara, ƙwal. Saura tara.

Mutanen layinmu kam sun sha kallo. Ga farin mashin sumul yana tafiya a hankali, mai shi da hular kwano yana ba da sigina ko akuya zai kauce wa, amma ƙarar da ke fita daga ƙarƙashinsa ta tsohon babur ce mai ciwon ƙirji. Mai shayi har ajiye ludayi yake ya riƙe ciki. Sai dai ba wanda ya kai wa Baba labari. Wa zai tari uba da zancen hirar 'yarsa? Balle uba mai usur.

A zuwa na uku Inna ta kalle ni tana tankaɗe ta ce, "Ashe dai mutumin naki ya dage."

Na rufe fuska da mayafi. "Kai Inna."

"A'a, ni na ji daɗi. Gwaggonki ma za ta ji daɗi."

Na ce a raina, oho, ashe har Gwaggo ta haƙura. Kun ji ƙwaƙwalwar mai sayar da magani.

A zuwa na biyar Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya yi ƙasa da murya kamar mai faɗar sirri ya ce in na tashi daga kemis in taho masa da maganin ɗigawa a kunne.

"Ciwo yake yi, Baba?"

"A'a. Ke dai kawo."

Na kawo. Kullum da safe Inna ta ɗiga masa ta toshe da auduga, da la'asar ya cire ya zauna jiran mashin. Na lura ya rage magana, ya rage cin abinci, wani lokaci sai in gan shi yana ƙyasta yatsu kusa da kunnensa, dama sannan hagu. Ban tsaya na yi tunani ba. Hankalina yana kan gwangwanin madara.

Ranar da ƙwallo na goma ya faɗa, Baba ya sa aka kira ni da Inna.

"Yaron nan ya cika goma," ya ce. "Kuma ban taɓa jin tuƙi mai tsari irin wannan ba. Kullum wuri ɗaya yake rage gudu, wuri ɗaya yake taka birki, ko taƙi ba ya kaucewa. Da ba haka yake ba, ya gyaru. Ke kina son sa?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zani.

"Shirun ya isa. Asabar da hantsi manya za su zo."

Jama'a, tashi na yi kamar in yi fiffike. Na shige ɗaki na rubuta: "ASABAR DA HANTSI!!! Ka turo su!" Ya aiko min da hoton Ya Fanta tana guɗa, lafayarta na zamewa. Aka yi min jan lalle a hannu da ƙafa, na karɓo leshina ruwan hoda daga wurin tela, na goge ɗankwali har sau biyu. Inna ta kwana biyu tana shirin waina da miyar taushe. Ni ban sani ba ashe a ranar Baba ya sa an kira masa Gwaggo Kulu a waya ya ce mata, "Yaya, ɗanki ya cika goma, ku turo." Ita kuma da ta shekara uku tana jiran wannan magana ba ta tsaya tambayar goman mene ne ba.

Asabar da hantsi ina ɗaura ɗankwali na ji guɗa a tsakar gida. Na leƙo. Gwaggo Kulu ce da ƙwaryar goro a ka, tana rawa da kafaɗa.

"Ina amaryar tawa? Fito in gan ki, 'yar nema! Ashe kina so kike ta ja mana aji!"

Na zagaya na leƙa zaure ta ramin ƙyaure. Ga Baba a kan buzunsa da farar riga. Ga baffan Yaya Barau da babbar riga. Ga Yaya Barau kansa a rakuɓe a gefen Baba, ƙafarsa duk jar ƙasar gona, fuskarsa irin ta wanda aka taso daga barci aka ce shi ne liman. A motar haya uwar ta jawo shi, Baba bai ma san ya shigo ba.

Baba yana cewa, "Ni shaida ne a kan yaron nan. Sau goma yana zuwa ƙofar gidan nan, ban ji ya yi ganganci ko sau ɗaya ba."

Yaya Barau ya ɗago zai yi magana.

Baffansa ya mintsine shi a cinya.

Na jawo waya da sauri. "KADA KA KUNNA SIFIKA. KADA KA KUNNA." Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Ina zai buɗe? Zunnuraini ba ya taɓa waya in yana tuƙi, sharaɗin Baba ne, kuma ni da bakina na sa shi ya rantse a kai.

Sai ga ta daga gada.

Baba ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe. "Yauwa. Kun ji shi nan. Ku saurara, yanzu zai rage gudu a kwanar masallaci. Kun ji? Ga angon nan ya iso."

Tari uku. Tau!

"Kawu," in ji Yaya Barau a hankali, "ga ni nan fa a gefenka. Mashin ɗina yau sati biyu yana wurin bakanike a Kademi, an sauke injin."

Sai zakaran ya yi cara.

Ana cikin haka aka yi sallama, Alhaji Mala kawun Zunnuraini ya shigo, hular kwano a kansa, hular zannarsa a hannu, yana fara'a yana cewa Allah ya sa ba su makara ba. Ya ga ƙwaryar goron da ta riga tasa. Fara'ar ta tsaya a inda take.

Baba ya miƙa hannu ya lalubo gwiwar Yaya Barau, ya shafa ya tabbatar mutum ne. Sannan ya ce, murya can ƙasa, "Waye a waje?"

Ban san lokacin da na ture ƙyauren ba. Mace ba ta shiga zaure ana maganar aurenta, na sani, amma na shiga, da lallena da leshina, na zube a gabansa. Na faɗi komai. Katanga, rikodin, sifika, yadda Zunnuraini ya ƙi na matsa masa. Gwaggo tana bayan ƙyaure tana salati tana tafa hannu. Shi Zunnuraini ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa da sifikar a hannu, wata 'yar baƙa kamar gwangwanin tumatir.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi.

"Zakaran," ya ce. "A cikin abin yake?"

"E, Baba."

"Ashe ba kunnena ba ne."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar maganin da na kawo masa, ya ajiye a kan buzu.

"Da hannuna na yanka zakaran nan, Innarki Barira ta riƙe min shi. Washegari na ji ya yi cara. Rana ta biyu ma na ji. Na tambaye ta ko maƙwabta sun sayi irinsa, ta ce a'a. Sai na yi shiru. Na ce to, ido ya tafi, ga kunnen ma ya fara kawo min abin da babu. Na ɗauka shi ma sallama yake yi min."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kwana goma ina murna, mahaifina yana zaune a ɗaki shi kaɗai yana jin tsoro, kuma ni na sayar masa da maganin.

Ya daɗe yana murza zaren usur ɗin. Sannan ya juya wajen baffan Yaya Barau ya ba shi haƙuri, ya ce kuskuren nasa ne, shi ya yi kira bai bincika ba. Ya yunƙura ya miƙe.

"Kai, mai mage. Ina ɗaya hular?"

Alhaji Mala ya cire ya miƙa da sauri. Baba ya tuɓe hularsa ya kifa ta kwanon, ya ɗaure igiyar a haɓa da kansa, ya ja ya ji ta kama.

"Tunda kunne ba zai ji ka ba, jiki zai ji ka. Ka kai ni Ajingi ka dawo da ni."

Inna ta fito har zaure ba mayafi. "Malam! Hanyar Ajingi fa ka ce."

"Na san abin da na ce, Barira."

Shekara bakwai rabonsa da mashin. Sai da Yaya Barau ya ɗaga masa ƙafa. Ya riƙe kafaɗun Zunnuraini da hannu biyu. Zunnuraini ya duba madubi, ya kunna sigina, alhali ba kowa a layin sai kaji, suka zame suka tafi. Ko ƙis ba mu ji ba.

Aka bar mu da baƙi kashi biyu da goro ƙwarya biyu. Gwaggo ta zage ni tun daga kakata ta wajen uwa, ta huta ta ci waina bakwai, ta ɗora daga inda ta tsaya. Alhaji Mala da baffan Yaya Barau suka rasa abin yi suka shiga hirar farashin gyaɗa. Yaya Barau ya same ni a bakin rijiya ina sharar hawaye, ya tsuguna.

"Naja, Allah ya yi miki albarka. Ni fa akwai wata Bara'atu a Kademi, tsoron tsohuwa ne ya hana ni faɗa."

"To Yaya, ka faɗa mana."

"Zan faɗa. Amma don Allah ki turo min rikodin ɗin nan. Kewar mashin ɗina nake."

Bayan azahar saƙo ya shigo.

"Mun tsaya. Jami'an hanya sun tare mu, sun duba takardu sun ce mu wuce. Baba ya ƙi. Ya ce a sake dubawa a hankali, a karanta masa da ƙarfi. Yanzu yana koya musu tsayuwa."

Na yi dariya cikin kuka. Bayan kusan rabin awa wani ya shigo.

"Ya ce in tsaya a wata kwana. Ban faɗa masa mun iso ba, shi ya gane. Ya sauka. Yana tsaye a bakin hanya yana addu'a. Bai cire hular ba."

Na kai wa Inna wayar, na karanta mata. Ta juya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Daga nan ba saƙo. La'asar ta yi, aka yi salla. Na fita ƙofar gida na tsaya a gindin darbejiya ina kasa kunne, sai na tuna ba abin da zan ji. Ko suna gada, ko suna Ajingi, ko wani abu ya faru a hanya, duk ɗaya ne a kunnena. Na ƙyasta yatsu ban san na yi ba.

Rana ta yi ja sannan na jiyo shi. Ba mashin ba, usur. Tun daga gada yake tahowa, fir! fir! Baba ne a baya yana kore awaki da masu keke daga hanya, hannu ɗaya a kafaɗar Zunnuraini, ɗaya yana ba da hannu kamar yana tsakiyar shatale-tale. Duk layin aka fito. Suka rage gudu a kwanar masallaci, suka tsaya daidai ƙofar zaure. Zunnuraini ya sauke ƙafa, ya jiƙe sharkaf da gumi, batir saura ɗigo ɗaya ja.

Baba ya sauka da kansa. Ya cire hular ya miƙa masa.

"Bai wuce mota a kwana ba. Ya tsaya wa tsohuwa mai itace. Ya san ba a jin zuwansa, don haka yana danna hon tun daga nesa, a hankali, ba na firgita mutane ba. Da muka zo inda na ce ya tsaya, bai tambaye ni dalili ba."

Ya sa usur a baki ya fuskanci Zunnuraini. Fir, fir. Biyu.

Alhaji Mala ya ce Allahu akbar. Ni kuwa na manta da kunya, na manta da mutane, na kwaso da gudu zan riƙe hannun Babana. Ya ji takuna, ya san nawa ne. Ya juyo.

Ya busa ɗaya. Doguwa.

Na tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba, kamar akuyar Inna.

"Yaron ya wuce," ya ce. "Alhaji, ku koma da goronku ku ajiye shi a wuri mai sanyi, zan aiko. Direba ba shi da laifi. Fasinjar ce ban yarda da takardunta ba." Ya ɗaga sandarsa ya nuna gefen da nake, bai kuskure ba ko kaɗan. "Ke kuma ki faka a gefe."

Ya lalubi bango ya shige ɗakinsa.

Yau kwana uku ke nan ina fake. Ina kai masa koko da safe, ya karɓa. Ina gaishe shi, ya amsa da kai. Na goge rikodin ɗin, na jefa sifikar a masai. Zunnuraini yana aiko saƙo safe da yamma, "Ya busa?" ina mayar masa da "Tukuna." Ɗazu da na shiga ɗaukar kwano na ga ya juye ƙwallayen dabinon nan goma a kan buzu, ya ajiye gwangwanin a bakin ƙofa, ta inda nake shigowa. Na ce, "Baba, in fitar da shi?"

Ya ce, "Bar shi nan. Naki ne."

Na leƙa ciki. Ba ko ɗaya.